Gidan da Baba Bai Rufe Ba

Ranar da Baba ya rasu, ɗakinmu na unguwar Najma a Doha bai ɗauki mutane ba. Ɗaki ne mai gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa, wanda in mutum uku suka miƙe tsaye sai ɗaya ya koma baranda, amma ranar sai da takalma suka cika matattakala. 'Yan majami'arsu sun zo, 'yan Kenya da Indiyawa da 'yan Filifin, wasu da ƙurar siminti a wandonsu. Mu ma 'yan Arewa masu gadi da tuƙi a Doha mun hallara, har da waɗanda ba su taɓa wuce gaisuwa da shi ba.

Wani ɗan Nepal ya shigo, ya zauna a ƙasa gaban gadon Baba, ya ɗauki takalmin aikin marigayin ya ɗora a cinya yana kuka. Abokin ɗakinmu ɗan Zangon Kumasi, wanda ko a asibiti sai ya ba mutane dariya, ya juya fuskarsa bango yana ta maimaita magana ɗaya: "Wallahi mutumin nan ya yi mini abin da ubana bai yi ba." Mu Musulmi kuma bakinmu ya ɗaure, don addu'ar da harshenmu ya saba da ita ba mu san ko a nan wurinta yake ba. Sai wani direba Basakkwace ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," kowa ya kama wannan, har fasto.

Da la'asar fasto ya kira gida don a yi wa iyali gaisuwa, ya miƙo mini wayar tunda ni na fi daɗewa da marigayin. 'Yarsa ta fari ce ta ɗauka, malamar makaranta. Muryarta a bushe take, ba alamar kuka.

"Yaya, kai ne wanda Baba yake cewa ɗansa na Doha?"

Na ce ni ne.

"To ina da tambaya. Tun ɗazu ake kirana ana cewa ubana mutumin Allah ne, ya gina wa marasa galihu gidaje a ƙasashen duniya. Shekara goma sha tara uwata tana ɗaki ɗaya a gidan ƙaninsa, nata gidan yana tsaye ba rufi, sai watan jiya aka rufe, bayan na yi masa rashin kunya. Kai da ka zauna da shi, ka faɗa mini, me muka yi masa?"

Na san amsar. Duk faɗin Qatar ni kaɗai ya faɗa wa. Amma na ce mata layin ba kyau, zan sake kiranta, na miƙa wa fasto wayarsa. Wannan tambayar ce ta sa ni rubutun nan, don ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna shi a karkace. Ban sa sunansa ba, ban sa na garinsu ba, na kuma sauya wasu abubuwa don kada a gane gidan.

Baba Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Magini ne, jikan magini. Na same shi a ɗakin lokacin da na zo aikin gadi a wani babban kanti a Al Gharrafa, kuma gaskiya da aka ce mini da Kirista zan zauna sai da na nemi a sauya mini ɗaki. Ba a samu ba. Washegari da asuba na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen gadona, na buɗe ido na ga dattijo da furfura a gemu yana cewa, "Ustaz, tashi, an kira ku." Haka ya riƙa yi mana shekara shida. Shi ya laƙaba mini Ustaz don tsokana, alhali ko izu biyar ban haddace ba.

Ba ya iya wuce bango bai taɓa shi ba. Mu fita sayen shayi, sai ka waiga ka gan shi ya tsaya ya shafa ginin mutane, ya rufe ido ɗaya ya hango kusurwa, ya girgiza kai. In aikin ya yi masa sai ya ce, "Wannan ya ji tsoron Allah." In bai yi masa ba sai ya ce, "Wannan yunwa yake ji lokacin da ya ɗora." Har dogayen benayen bakin teku ba su tsira daga bakinsa ba. Abincinsa ba ya wuce tuwon semo da miyar kuka da yake sa a kawo masa daga gida, kuma duk wanda ya shigo ɗakin lokacin cin abinci, ko Baƙatare ne, sai ya wanke hannu.

Hutunsa wata ɗaya ne a shekara. Sati biyu yake yi a gida, sati biyu kuma ya bi ayarin majami'arsu zuwa wata ƙasa gina wa mutane gidaje kyauta. A Doha ranar Juma'a suke sujada, a unguwar majami'u da ke bayan gari, kuma a can suke shirya tafiyar. Yawancinsu ma'aikatan ofis ne da nas-nas da injiniyoyi, mutanen da ba su taɓa kwaɓa siminti ba, saboda haka duk ayarin a hannun Baba yake rataye. Sun je Nepal bayan girgizar ƙasa, sun je Uganda, sun je Kenya fiye da sau ɗaya. Yana dawowa baƙi ƙirin, tafin hannu a tsage, jaka cike da hotuna. Sai ya baza su a kan gado ya riƙa nuna mana: wannan bazawara ce mai 'ya'ya biyar, wannan makaho ne, wannan tsohuwar rawa ta yi da aka miƙa mata makulli. Ɗan Nepal ɗin da ya yi kuka da takalmi, uwarsa na cikin hotunan.

Akwai shekarar da za su je wani ƙauyen Musulmi a gaɓar tekun Kenya. Ana saura kwana biyu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ustaz, koya mini yadda kuke gano alƙibla a nan ciki." Na yi dariya na ce ko dai an kusa musulunta ne? Ya ce in daina mafarki in koya masa. Sai da suka dawo na ji dalili daga bakin wani ɗan ayarin. Zanen gidajen daga ofis aka kawo shi, kuma yadda aka auna filin, duk bayin sun fuskanci alƙibla. Baba ya duba wayarsa ya ce ba zai ɗora bulo ɗaya ba sai an juya su. Injiniyan ayarin ya ce khalas, wato magana ta ƙare, an riga an sa hannu a zane, kwana goma kacal gare su. Baba ya ja bulo ya zauna a kai ya harɗe hannu. Tun hantsi har azahar ba a yi aikin komai ba, don ba wanda ya iya. Da injiniyan ya gaji ya tambaye shi mene ne ruwansa da alƙiblar wasu, sai ya ce, "Na tashi a cikinsu, na san su. Za su karɓa su yi godiya, in mun tafi su toshe ƙofar bayin su koma daji. Ni ban zo nan don in yi aikin hoto ba." Aka juya bayin.

Duk da haka sai da muka yi faɗa a kan tafiye-tafiyen nan, kuma ni ne mai laifi. Ina da baki, kowa ya sani. Wata Juma'a ya dawo daga sujada yana ta murnar an tsayar da tafiyar Uganda, ni kuma na taso daga aiki rai a ɓace. Na ce masa, "Baba, mu daina ɓoye-ɓoye. Sayen mutane kuke yi da bulo, ku ba su ɗaki su ba ku addininsu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ban taɓa ɓoye maka ba, ina so kowa ya san Almasihu, kamar yadda kai ma kake so in yi salla. Amma ban taɓa tambayar mutum abin da yake bautawa kafin in ɗora masa bulo ba. Fasto na da aikinsa, ni ina da nawa."

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma na riga na san labarin gidansa, don mun sha jin yana waya da ƙaninsa yana cewa kada kowa ya taɓa ginin sai ya zo da kansa. Bara ya ce katakon bai bushe ba, bana ya ce kwanon kasuwa ba shi da kauri. Sai na ce, "Wanda ya bar matarsa a ɗakin aro shi ne zai koya wa duniya tausayi?"

Fuskarsa ta sauya yadda ban taɓa gani ba. Ya ajiye littafin da ke hannunsa, ya sa takalmi ya fita. Kwana uku bai ce mini uffan ba. Amma duk asuba sai na ji an ƙwanƙwasa ƙarfen gadona, ba magana, ƙwanƙwasawa kawai. A rana ta huɗu na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, ya tura mini kwanon tuwo.

Sai korona ta zo ta rufe komai. Aka dakatar da jirage, aka rufe masallatai da majami'u, tafiyar shekarar ta rushe. Baba ya zama kamar wanda aka ɗaure. Ya gyara ƙofar bayinmu, ya gyara ta maƙwabta, ya toshe duk wata tsaga da ke bangon benen, da aiki ya ƙare ya zauna yana kallon hannuwansa. Daga baya cutar ta shigo ɗakinmu, aka kwashe mu zuwa wurin killacewa a wajen gari, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da shi. Ni zazzaɓi kawai na yi. Shi kuwa numfashinsa sai da ya koma kamar ana jan zarto.

Wata rana bayan azahar, rana ta ƙwalle a taga, ya ce in matso. Yana magana yana hutawa.

"Ɗana, maganar da ka yi mini kwanaki, gaskiya ka faɗa. Bari in ba ka sauranta, ko da ban tashi ba."

Na ce ya bari sai ya warke. Ya ce in yi shiru.

"Kakana ya yi wa rabin ƙauyenmu ɗaki. Da ya yi nasa ya rufe, bai ga girbin shekarar ba. Babana ya daɗe a ɗakin jinka, da ya samu hali ya buga kwano, wata biyu muka binne shi. Yayana ya yi mini dariya ya ce camfi ne. Ya rufe nasa a Kirsimeti, kafin Ista mota ta kashe shi a hanyar Funtuwa. Lokacin nawa ginin ya kai linta. A nan na tsaya."

Na ce, "Baba, kai da bakinka?"

"Ni da bakina. Dattijo ne ni a majami'a. Ina tsayawa gaban jama'a in ce kada su ji tsoron mutuwa. Amma duk shekara in na je gida na tsaya gaban ginin nan, sai tsoro ya rufe ni, in kama neman laifin katako. Sai in gudu in je in hau rufin wani a Uganda. Duk ƙusar da na buga ina cewa, ya Ubangiji, ka karɓi wannan a madadin wancan. Kada ka ɗauka kirki ne kawai yake kai ni. Kunya ma tana kai ni."

Na yi masa irin namu wa'azin, cewa kwana in ya ƙare ya ƙare, da rufi ko ba rufi. Ya yi murmushi ya ce a nasu littafin ma haka yake, kansa ya sani sarai, ƙafarsa ce ta ƙi sani. Sannan ya kama hannuna ya ce kada in faɗa wa kowa, musamman iyalinsa. Na yi alkawari. Tausayinsa ya kama ni ranar har na kasa cin abinci, kuma na ji kunyar bakina fiye da kowane lokaci a rayuwata.

Ya tashi daga cutar, amma bai koma yadda yake ba. Hawa bene ɗaya sai ya tsaya ya dafa bango, ba don duba aikin magini ba wannan karon. Likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini.

Shekarar gasar kofin duniya damina ta yi ƙarfi a gida. Wata rana 'yarsa ta turo masa bidiyo, ya buɗe a gabanmu bai san abin da ke ciki ba. Matarsa ce, tsohuwa, tana jera robobi a tsakar ɗaki ruwa yana ɗiga a kan katifa, tana cewa 'yar ta daina ɗaukarta. Bayan bidiyon sai saƙon murya: "Baba, ka je ka nuna wa 'yan majami'arku wannan hoton, ko za su zo su taimaka wa wannan matar, tunda ba ta da miji. Kada ka sake kirana 'yarka sai ka rufe gidan nan."

Ɗan Kumasi ya tashi ya fita don kunya. Baba ya saurari saƙon sau biyu. Sannan ya kira ƙaninsa a gabana ya ce da zarar ruwa ya ɗauke a sayi katako da kwano, a nemo kafinta, kada a jira shi. Da ya ajiye wayar ya dube ni ya ce, "Yarinyar ta fi ni gaskiya."

An buga rufin ana tsakiyar gasar. Doha ta cika da baƙi da tutoci, mu masu gadi muna tsayuwar awa goma sha biyu muna nuna wa mutane hanya, ba mai lokacin kowa. Amma ranar na samu hutu, kuma na zauna kusa da shi yana kallon aikin ta waya. Sai ga Baba na dā ya dawo. Yana ta faɗa da kafinta daga Doha: "Kai, ƙusar nan ta karkace! Ja layin can sama kaɗan! Yalla, ku hanzarta, rana na tafiya!" Da aka ɗora kwano na ƙarshe muka ji guɗa ta cikin wayar. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ba shi 'yarsa, ta ce masa ta gode, a taƙaice.

Cikin satin ya fara rabon kaya. Ya ba ɗan Nepal ma'aunin ruwansa na gini, ya ba ɗan Kumasi rigar sanyinsa, ya je majami'a ya ce a nemi wani maginin don tafiyar baɗi. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan ai jawo wa kai ne, ya daina. Ya ce ba komai, ya dai yi shawarar komawa gida gaba ɗaya a Ista, har ya yi wa kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, magana. Sai ya ƙara da cewa, "In na kai."

Bai kai ba. Sati biyar bayan rufin, a wani gida da suke gyara a Al Gharrafa, ya ci abincin rana ya jingina da bango don ya huta, da aka zo tashinsa ya riga ya tafi. Likitoci suka ce zuciya ce. Ni har gobe ban yarda kwano yana kashe mutum ba. Ajali ne, kuma korona ta riga ta taɓa shi. Amma na ga yadda ya kwana da tsoron nan ya tashi da shi shekara da shekaru, kuma ba zan ce bai ci masa zuciya ba.

Takardun gawa sun ɗauke mu kwanaki. Da aka kai shi gida aka binne, na zauna na yi ta juya maganar. Alkawari na yi wa mai rai, yanzu kuma ya mutu 'yarsa tana ganin bai ƙaunace su ba. Na yanke shawarar zan karya alkawarin in wanke shi. Wata Asabar da hantsi na kira lambarta. Uwar ce ta ɗauka.

Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi, ta yi mini godiya. Na ce da 'yar nake son magana, akwai tambayar da ta yi mini. Na ji ta ja ƙofa.

"Ɗana, ya faɗa maka, ko?"

Na ce, "Mama, kin sani?"

"Tun ranar da muka binne yayansa na sani. Ni na ga yadda ya tsaya yana kallon rufin nan, ba kabarin ba. Bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa nuna masa na gane ba. Duk shekara ya kawo dalilinsa in karɓa. Ɗigar ruwa ba ta dame ni ba, tunda ina jin muryarsa duk Lahadi."

Na ce to ai gara 'yar ta sani, don ta daina ganin baƙinsa.

"Ka yi tunani, ɗana. Wa ya matsa masa ya rufe? In ta ji wannan magana, ba za ta ce camfi ne ba, za ta ce ita ta kashe ubanta. Da wannan za ta tsufa. Bar ta ta yi fushi da shi. Shi zai iya ɗauka, ya riga ya kwanta."

Sai ta ce, "Ga ta nan ta shigo," na ji wayar ta sauya hannu.

"Yaya, ka ce za ka kira, ka daɗe. Ina jinka."

Na buɗe baki, duk maganar tana kan harshena, yadda ya faɗa mini ita yana haki a ɗakin killacewa. Na ce, "Ƙanwata, na yi ta tunani. Ban sani ba. Bai taɓa faɗa mini ba."

Ta ja numfashi. Ta ce, "Dama na sani. Ba wani dalili. Mu ne dai ba mu kai ba a wurinsa." Sannan ta yi mini godiya kan ɗawainiyar gawa, cikin ladabi, ta ce in gaida mutanen ɗaki, ta kashe wayar.

Baba, tsakaninka da Mahaliccinka ba ni da ta cewa, shi ya fi kowa sanin bawansa. Tsakanina da kai kuwa, ka yafe mini. Na bar 'yarka tana ganin ba ka so ta ba, don ta iya barci a gidan da ka rufe mata.